Hanyar Yahuza da hanyar Bitrus

A dare ɗaya almajirai biyu suka ci amanar Yesu. Yahuza Iskariyoti ya bashe shi a kan azurfa 30, Bitrus kuma ya yi musun saninsa sau uku, har da rantsuwa. Dukansu abin ya ci musu rai, amma manzo Bulus ya raba baƙin ciki gida biyu a 2 Korintiyawa 7:10: irin na Allah yana kai ga tuba da ceto, na duniya kuwa mutuwa yake haifarwa.

Yahuza bai ɓoye laifinsa ba. Bisa ga Matiyu 27, ya koma wurin manyan firistoci, ya amsa cewa ya ba da marar laifi, har ya watsar da kuɗin a Haikali. Mutum zai ce ai tuba ta cika, ga furta laifi, ga mayar da haram. A ganina inda ya ɓata shi ne wurin da ya kai kukansa. Waɗanda suka saye shi ya je wa, su kuwa suka ce ba ruwansu. Ya zama alƙalin kansa, ya je ya rataye kansa.

Bitrus ba shi da abin mayarwa, kuka kawai ya yi mai zafi. Sai dai bai rabu da 'yan'uwa ba, kuma bayan tashin Yesu daga matattu, da ya ji Ubangiji Yesu ne tsaye a bakin Tekun Tibariya, ya faɗa ruwa ya nufe shi. Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, sannan ya damƙa masa kiwon tumakinsa, wato mabiyansa. A ranar Fentikos, wani idin Yahudawa, shi ya yi wa'azin da mutum wajen 3,000 suka karɓi baftisma.