Murya ko Bidiyo: Wanne Ya Fi Wa Ɗalibin Intanet?

Malamin da ke koyarwa ta intanet, a jami'a irin NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, yana da hanyoyi biyu masu araha: ya naɗi muryarsa da Audacity, ko ya ɗauki fuskar kwamfutarsa da OBS Studio. Duka manhajojin kyauta ne. Kuɗin da za a kashe, a wajen ɗalibi yake.

Lacca ta awa guda a MP3 mai matsakaicin inganci ba ta wuce megabayit 60. Bidiyon kyamara mai tsabta na tsawon lokacin nan kan haura 500. Ga wanda ke sayen data da ƙyar, ga wuta da ba ta tsayawa, murya ce ta fi. Ana tura ta ta WhatsApp, a saurara a cikin adaidaita ko ana wanke-wanke. Darasin tarihi, adabi ko shari'a ba ya rasa komai.

Lissafi kuwa sai an gani. Ba a warware aljabara da baki kawai. A nan bidiyo ya zama dole, amma a yanka shi gajeru, minti 10 kowanne, a nuna allo maimakon fuskar malam, nauyin ya ragu sosai.