Rana, obin ko injin busarwa: wanne ya dace da abincin ƙaguwar katantanwa?

'Yar'uwa, kin ce ƙaguwoyin katantanwa huɗu gare ki, irin waɗannan da ke zama a cikin ɓawon katantanwa da mai shi ya bari, kuma duk ɗanyen kayan marmarin da kika yanka musu kafin kwana biyu ya yi funfuna a cikin tanki, ragowar kuma ta lalace a firji. Kina so ki sani ko ki sayi injin busarwa, ko obin ɗin kicin ya isa, ko kuwa ki yi shanya a rana ki huta. Duka ukun na gwada su, zan kuma jera miki su ki gani. Amma akwai wani zato a cikin tambayar taki da ya kamata mu fara kawarwa.

Busarwa ba ta hana funfuna a cikin tanki. Waɗannan halittu a tudu suke rayuwa, amma abin numfashinsu irin na kifi ne, dole ya kasance da danshi ko su shaƙe. Shi ya sa muke riƙe laimar tanki tsakanin kashi 70 zuwa 80 cikin 100, zafi kuma tsakanin digiri 24 zuwa 29. To wannan yanayi, shi funfuna ke so. Busasshen mangwaron da kika ajiye musu da magariba, ki taɓa shi da safe ki ji: ya sha laima ya yi laushi. Zai fi ɗanye jurewa da kwana ɗaya ko biyu, daga nan shi ma farin gashi ya rufe shi. Kwashe farantin abinci a wanke shi aiki ne da ba ya sauka daga wuyanki, ko da wane irin inji kika saya.

Amfanin busarwa a kwalba yake. Ƙaguwa ba ta da ci. Abin da huɗunki za su cinye a dare bai cika ƙaramin cokali ba. Ga shi kuma ba ta son maimaici. Wani bincike da aka wallafa a 1996 a kan nau'in Coenobita compressus, wanda ke zaune a gaɓar tekun Pasifik ta nahiyar Amurka, ya nuna cewa ƙaguwar ta fi karkata ga abincin da ba shi ta ci a baya-bayan nan ba. Duk mai kiwo ya ga haka da idonsa: gwandar da suka yi wa rubdugu jiya, yau ko kallonta ba sa yi. Saboda haka abin da kike nema shi ne kaɗan-kaɗan na abubuwa da yawa, waɗanda za su yi watanni ba su lalace ba, ba a kuma zuba musu komai ba. Da wannan ma'auni za mu auna hanyoyin uku.

Rana ba ta cin wuta, ba ta cin gas, wannan kowa ya sani. Sharuɗɗanta ne masu tsauri. Ana son zafin ya kai digiri 30 ko fiye, laimar iska ta kasance ƙasa da kashi 60, kuma haka ya ɗore kwana biyu zuwa huɗu a jere. Kullum da yamma sai kin shigo da shanyar, domin raɓar dare tana mayar da ruwan da yini ya cire. 'Ya'yan itace sun fi jure wannan jinkiri saboda zaƙi da tsamin da ke cikinsu suna hana ƙwayoyin cuta saurin yaɗuwa. Kayan lambu masu kauri irin su karas da kabewa ba su da wannan kariya, suna iya fara lalacewa kafin su bushe.

Akwai abu biyu da suka sa na rage shanya a rana, kuma dukkansu ƙaguwa suka shafa, ba mutum ba. Na farko launi. Sinadarin karotin, wanda ke ba karas da kabewa da jan tattasai launinsu, yana cikin abin da ke taimaka wa ƙaguwa ta fito da launi mai kyau bayan ta yi saɓa. Hasken rana kuwa yana cinye shi. Karas ɗin da ya yi kwana uku a fili sai ki ga ya koɗe. Na biyu ya fi tsanani. Ƙaguwa da ƙwari dangi ne a halitta, don haka maganin da ke kashe sauro ko kyankyaso yana iya kashe ta. Shanyar da ke fili ba ki san wane feshi iska ta ɗebo ta sauke a kanta ba. In dai za ki yi, ki rufe da yadi mai shara-shara, ki ɗaga faranti daga ƙasa, ki nisanta shi da duk inda ake feshi ko kunna maganin sauro. Bayan ta bushe ki sa ta a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na awa 48, don ƙwayayen ƙwarin da ido ba ya gani su mutu. In kika tsallake wannan, wata rana za ki buɗe kwalba ki tarar ana biki a ciki, ko kuma, abin da ya fi muni, su ƙyanƙyashe a tankin.

Ganye dai ban yarda a kai shi rana ba ko kaɗan. A baza shi a inuwa inda iska ke wucewa, ya bushe da korensa.

Obin shi ne ya fi yaudarar mutane, domin yana nan a gida, kuma a ido aikin ɗaya ne da na inji. Busarwa na son zafin da bai wuce digiri 60 ba. Obin da yawa kuwa mafi ƙarancin zafinsu ya haura haka, wasu daga 75 ko 80 suke farawa. A irin wannan zafi bayan yankan ne ke fara ƙandarewa, ya zama kamar fata, ya kulle ruwan da ke ciki. Ki taɓa ki ji garau, alhali tsakiyar tana nan da danshinta.

Ni wannan ta taɓa ci na. Na yanka ayaba da ɗan kauri, na sa a obin, bayan awa biyar na ciro ta tana ƙara a faranti kamar tsakuwa. Na zuba a kwalba na rufe ina murna. Kwana tara bayan nan na ɗago kwalbar a gaban taga, sai ga raɓa ta kwanta a jikin gilashin daga ciki, ƙasan kuma ya yi furfura. Da na karya guda ɗaya, cikinta taɓas yake kamar ɗanya. Duka na zubar, har da busasshiyar tuffar da na haɗa su a kwalba ɗaya.

Obin yana aiki in kin bi shi a hankali. Ki sayi ƙaramin ma'aunin zafi na obin ki ajiye a ciki, kada ki amince da lambar da ke jikin maɓalli. Ki bar ƙofar a ɗan buɗe, ki tokare ta da cokalin katako, don tururi ya sami hanyar fita. Ki riƙa juya faranti, na sama ya koma ƙasa, domin zafin ba daidai yake ko'ina ba. In obin ɗin mai fanka ne, kin yi sa'a, ya kusa zama inji. In ba shi da ita, lokacin na iya ninka na inji sau biyu, kuma duk tsawon awannin nan kina gida kina gadi, ba girki a obin, ga ƙofa mai zafi a buɗe in akwai yara. A wanke shi tukuna, don maiƙon gashin jiya da gishirinsa kada su bi abincin ƙaguwa.

Injin busarwa ba wani abin mamaki ba ne: ɗan zafi ne da fanka da faranti masu ramuka. Fifikonsa shi ne kina iya cewa ga zafin da nake so, ya tsaya a nan. 'Ya'yan itace digiri 57, kayan lambu 52, ganye da furanni tsakanin 35 zuwa 45. Tuffa mai siririn yanka takan ɗauki awa 6 zuwa 12, ayaba 8 zuwa 10, karas wajen 10 zuwa 12. Ki kunna da dare ki kwanta. Ba ƙura, ba ƙuda, ba haske mai cinye launi. Kuma abin da ya fi dacewa da bukatarmu: faranti biyar, kala biyar ko goma a tashi ɗaya, kowanne ɗan kaɗan. In za ki saya, ki tabbata yana da maɓallin daidaita zafi; akwai masu kunnawa da kashewa kawai, waɗannan ba su fi obin da komai ba. Ki nemi mai ragar shimfiɗawa, in ba haka ba gogaggen karas duk ta ramukan zai zube da zarar ya motse.

Aibinsa? Yana cin wuri, yana shan wuta na dogon lokaci, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki ta daɗe, abin da ke ciki yana zaune ne a ɗumi da danshi. Sannan ga lissafin da mutane ba sa yi kafin su saya. Karas kusan kashi 88 cikin 100 nasa ruwa ne, don haka kilo guda zai ba ki wajen giram 130 na busasshe. Ga ƙaguwa huɗu, wannan kaɗai zai yi watanni. Wato sau uku ko huɗu a shekara za ki kunna injin, sauran lokaci yana saman kabad yana shan ƙura, sai fa in mutanen gidan ma za su ci moriyarsa.

Ko wacce hanya kika bi, shirin ɗaya ne, kuma a nan aka fi yin kuskure. Wanke sosai, a fere bawo, domin a nan ragowar maganin gona ke maƙalewa. Yanka siriri, milimita 3 zuwa 5, kaurin ya zo ɗaya. Karas da kabewa da dankali mai zaƙi a tsoma su a tafasasshen ruwa na minti uku ko huɗu kafin a shanya, launinsu zai fi daɗewa. Littattafan girki za su ce ki jiƙa tuffa a ruwan lemon tsami ko ruwan sukari don kada ta yi duhu. Wannan don idon mutum ne. Ƙaguwa da ƙamshi take nemo abinci, da ƙananan ƙahonnin nan da take ta kaɗawa, ba ruwanta da tuffa ta yi baƙi ko fari. Ba gishiri, ba sukari, ba mai, ba yaji. Albasa da tafarnuwa masu kiwo sun daɗe da cire su daga lissafi.

Wannan dalili ne ma ya sa ban cika yarda da busassun kayan marmari na kanti ba. Duk wanda kika ga launinsa ya yi ɗau kamar yanzu aka tsinko shi, duba bayan leda, sau da yawa za ki ga E220, wato hayaƙin farar wuta da ake sa wa don riƙe launi. Ayabar leda mai ƙarau-ƙarau kuwa yawanci soyayya ce da mai da sukari.

Gwajin bushewa a yi shi bayan abin ya huce, da zafinsa kowane yanka laushi gare shi. Marmarin da mutum zai ci akan bar shi da ruwan da ya kai wajen kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, yana lanƙwasuwa. Na ƙaguwa ni nakan wuce nan, sai ya karye ƙas, saboda daga baya niƙa shi nake yi ɓarza-ɓarza. Daga nan ki zuba a kwalba, kada ki cika ta, ki rufe, ki riƙa girgizawa kullum har mako guda. In kin ga raɓa a jikin gilashi, a mayar a ƙara busarwa. In kin ga funfuna, kwalbar gaba ɗaya ta tafi, ba a tsince. Da na san wannan mataki da ayabata ba ta yi asara ba.

Wasu abubuwan ba su cancanci wahalar ba. Kokwamba da kankana kusan ruwa ne zalla, ki ba su ɗanye ki kwashe da safe. Kwakwa tana da mai, busasshiyarta in ta daɗe a kabad warinta na canzawa, gara ta zauna a firiza.

Tun da an ambaci firiza, ita ce ta huɗun da ba ki tambaya ba. Ki yayyanka mangwaro ko gwanda ƙanana, ki daskarar, kullum ki ciro guda ɗaya ya huce. Ta fi duk hanyoyin nan riƙe bitamin C, wanda zafi da iska ke lalatawa. Sai dai wanda ya narke ya fi ɗanye ma saurin funfuna, don haka ranar da za ki yi tafiyar kwana biyu, busasshe za ki bar musu.

To, hukuncina ga mai ƙaguwa huɗu: kada ki yi gaggawar sayen inji. Ki fara auna obin ɗinki. In yana sauka zuwa digiri 60, ya ishe ki, ki haɗa da firiza. In ba ya sauka, kuma inda kike iska na da laima, inji ne mafita, musamman don kayan lambu. Rana kuwa sai a lokacin da iska ta bushe ƙayau, ga 'ya'yan itace kawai, kuma a wurin da kika tabbata feshi ba ya kaiwa.

Kada kwalaben nan masu kyau su sa ki manta cewa ƙaguwa ba a kan marmari kaɗai take rayuwa ba. A gaɓar teku mushen kifi take ci, da ruɓaɓɓen ganye, da duk abin da ruwa ya turo. Tana bukatar furotin da kalsiyam don gina sabon jiki bayan saɓa, shi ya sa take cinye tsohuwar fatarta a ƙarƙashin yashi. A farantin nawa na daren jiya akwai ɗan garin karas, ɗan mangwaro, busasshen jatan lande marar gishiri, da dakakken ɓawon ƙwai. Da asuba na leƙa da tocila: jatan landen babu ko ɓurɓushi, an ja yankan mangwaron har bakin kwanon ruwan gishirin da ake ajiye musu a tanki daban da abinci an yar, karas ɗin kuwa yana nan yadda na zuba shi.