Daga Monreyal: don Allah a riƙa faɗa mana inda aiki ya tsaya

Salamu alaikum 'yan uwa na Garwa, da na Marwa da Ngaundare, can gida Kamaru. Duk wanda ya kira ni tambayarsa ba ta wuce biyu, sanyi da kuɗi. Sanyin yana nan yadda kuke jin labarinsa, kuɗin kuwa haya da haraji ne ke fara ɗibar rabonsu kafin ya iso hannunka. Yau wata magana ce dabam ta hana ni sukuni, kuma da 'yan kasuwarmu da masu sana'ar hannu nake.

A nan jihar Kebek ta ƙasar Kanada doka ce kowace mota ta sa tayoyin sanyi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Saboda haka watan Nuwamba a gareji kamar jajibirin Sallah yake a shagon tela, kowa na so a gama nasa yau. Na kai tsohuwar Corolla ɗina wani ɗan ƙaramin gareji a unguwarmu, bakanike biyu da wata mata mai zama a tebur. Na bar musu makulli da safe, na hau bas na tafi wurin aiki.

Wajen azahar sai ga waya. Matar ce. Ta ce sun ɗaga motar sun ga bututun man birki na baya ya yi tsatsa har ya fara tsiyaya, saboda gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara. Ta ce in duba wayata, ta turo hoto. Na duba, ga bututun nan ya yi jajir, ga yatsan bakanike yana nuna daidai inda man ke fita. Ƙarƙashin hoton ta rubuta kuɗin kaya, kuɗin aiki, haraji, da jimla. Sai ta ce: "Ba mu taɓa komai ba tukuna. Kayan ba mu da shi a nan, sai gobe da rana. In ka yarda mu yi, in kuma kana so ka gwada wani gareji, za mu ɗaura maka tayoyinka, amma ban ba ka shawarar ka yi nisa da ita a haka ba." Na ce su yi.

Washegari tun ban kai wurin aiki ba ta sake kira. Bututun da aka kawo musu bai yi daidai da motar ba, sun mayar, na daidai ba zai iso ba sai kashegari. Ta ba ni haƙuri, ta ce ta kira da wuri ne don kada in taso da yamma in tarar babu, kuma in san yadda zan shirya kai yara makaranta. Ba ta tsaya zagin mai kawo musu kaya ba, ba ta yi mini rantsuwa ba. Maganar ba ta kai minti biyu ba.

Wallahi wannan kira na biyu ya tsaya mini a rai fiye da duk dogayen gine-ginen garin nan. Labari ne mara daɗi, ni ne na yi asarar yini guda babu mota cikin sanyi, amma da na ajiye waya ban ji haushinsu ko kaɗan ba. Na san inda motata take, na san abin da ya tsayar da ita, na san ranar da zan karɓa. Da na ba wani abokin aikina ɗan Aljeriya labari, ya ce ai rabin abin doka ce. Na bincika na tarar haka ne. Dokar kare mai saye ta Kebek ta ce in gyaran mota zai haura dalar Kanada 100, wato kimanin sefa 40,000, dole gareji ya ba ka ƙiyasi a rubuce kafin ya fara, sai fa in kai ka rubuta da hannunka cewa ka yafe. Ba shi da ikon ƙara wani aiki ba tare da yardarka ba. Gyaran kuma yana da garanti na wata 3 ko kilomita 5,000, duk wanda ya riga cika, kuma in ka nema tun farko dole a ba ka tsohon kayan da aka cire. To, wannan doka ce. Amma babu dokar da ta sa ta kira ni da sassafe don kada in yi wahalar banza. Wannan sanin darajar mai kawo maka aiki ne, kuma ba ta kashe ko sisi a kai ba.

Ina ajiye waya zuciyata ta tafi Garwa, ga ɗakuna biyun da nake gina wa Inna a bayan gidanmu. Kuɗi na tura, ba bashi na ce a yi mini ba. Duk sanda na kira magini amsarsa ɗaya: "Alhaji, aiki na tafiya, saura kaɗan." Ashe siminti ya ƙara kuɗi, abin da na tura bai kai ba, shi kuma ya kama wani aiki a wata unguwa yana jira in gane da kaina. Ni ina nan ina lissafin an kai linta, ginin kuwa ko taga bai kai ba, har damina ta sauka a kansa. Sai da ƙanwata ta je ta ɗauko mini hoto na ga gaskiya. Da na tambaye shi me ya hana shi faɗa mini, sai ya ce: "Wallahi nauyinka na ji, Alhaji." Ban ce mutumin ɓarawo ba ne, don bai ci ko dala ɗaya tawa ba. Amma nauyin nan da ya ji ya ja mini asarar da ta fi ƙarin kuɗin simintin nesa ba kusa ba, shi kuma ya rasa aikin katangar da na yi niyyar ba shi.

Wannan ita ce cutarmu, kuma mun sa mata rigar kunya. Tela ya san ba zai gama ba, amma ya karɓi shadda ya ce "zo jibi". Mai gyaran waya ya san ya ƙona allon wayar, sai ya ce "kaya ake jira daga Mubi". Mai mota yana cikin tasha bai ko yi lodi ba, ya ce "ga mu nan mun wuce Figil". Kowa na gudun fuskar mutum ta minti ɗaya, ya sayi gabar shekara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muka mayar da "in sha Allahu" mafakar wanda tun farko bai yi niyya ba. Kalma ce mai girma, an umarce mu da faɗinta a kan abin da muka ƙudura za mu yi, ba a kan abin da muka san ba za mu yi ba.

Na yi wannan magana da Kawu, wanda ya shekara da shekaru yana sayar da kayan gyaran babur a babbar kasuwa. Ya saurare ni har na gama, sai ya ce: "Kai yaro, ka zauna da Turawa ka manta gida. Nan in ka ce wa mutum babu, ya tafi shagon gaba, ba ka ƙara ganinsa." Na ce: "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, wanda ka ce wa ya dawo gobe, ya dawo sau uku bai samu ba, shi kana ƙara ganinsa?" Ya yi shiru, sannan ya ce in gaida yara. Ban ce ya yarda ba. Kuma yana da hujjarsa: mai kawo masa kaya daga Kano shi ma ba ya faɗa masa gaskiyar rana, ga shingaye a hanya, ga kan iyaka da ba ka san yadda za ka same ta ba. To ai shi ya sa ma ya kamata a faɗa. "Kayan sun taso, amma ban san ranar da za su iso ba, bar mini lambarka in kira ka" magana ce da kowa zai iya ɗauka.

A ɗakin ajiyar kaya inda nake aiki ma haka abin yake. Kowace safiya muna tsayuwa kamar minti goma, shugabar sashenmu ta faɗi motocin da za a loda, abin da ya lalace jiya, da wanda bai zo ba. In ta ba ka aiki mai sarƙaƙiya sai ta ce ka maimaita mata abin da ka ji. Da farko na ɗauka raini ne, daga baya na ga har manya haka take yi musu, ga shi Faransancin Kebek sai ka kasa kunne sosai ko da ka yi lise, wato sakandare, a gida. Akwai allo a bakin ƙofa inda masu aikin dare ke rubuta wa na safe inda suka tsaya. Ran nan wani sabon yaro ya soki kwalaye da injin ɗaga kaya, da ƙafarsa ya je ya faɗa. Aka rubuta, aka nuna masa yadda zai riƙa shan kwanar, aka ci gaba da aiki. Na tuna yaran shagunanmu. Yaro ya fasa abu, ya san in ya faɗa mari ne ko a zage shi har iyayensa a gaban jama'a, to me zai sa ya faɗa? Sai ya tura shi ƙarƙashin kanta, ranar da mai saye ya gano sunan maigida ne ya ɓaci. Iyayen gidanmu su ne suka koya wa yara ɓoye-ɓoye, sannan su dawo suna kukan yaran yanzu ba su da amana. Nan har jadawalin aiki yana da ƙa'ida: tun 2019 ma'aikaci na iya ƙin zuwa in ba a sanar da shi kwana 5 kafin ranar ba, ban da wasu ayyuka na musamman.

Kada ku ɗauka komai na nan zuma ne. Ka kira babban kamfani, na'ura ce za ta amsa: danna ɗaya, danna huɗu, sai kiɗa, ka yi rabin awa riƙe da waya ba ka ji muryar ɗan Adam ba. Farashin da aka liƙa a jikin kaya ba shi za ka biya ba, sai ka je wurin biya a ɗora harajin tarayya kashi 5 da na jiha kusan kashi 10, abin da har yau ban daina jin haushinsa ba daga mutanen da ke alfahari da faɗin gaskiyar farashi. Ciniki babu, ragi babu. Aski ma sai da alƙawarin lokaci, wasu wuraren in ka saɓa a caje ka. Matar garejin nan da nake yabo, ba ta taɓa tambayata ya iyali ba, kuma na tabbata in na daina zuwa ba za ta aiko a duba ko lafiya ba. Wani maƙwabcina aka sallame shi daga aiki da saƙon imel mai layi huɗu, an rubuta komai dalla-dalla, babu ko kalma ɗaya ta tausayi. A irin wannan ranar nakan yi kewar kasuwarmu har ƙwalla ta taru: mai nama da ya san yankan da Inna ke so, ɗan tireda da zai juya daga Hausa zuwa Fillanci zuwa Faransanci zuwa Larabcin Shuwa a ciniki ɗaya, mai shayin da in bai gan ka kwana biyu ba zai tambayi yaronka. Mutanen nan da za su sami wannan da kuɗi za su saya. Mu muna da shi kyauta, sai mu ɓata shi da "zo gobe".

Kuma ba kayan aiki muka rasa ba. Wayar da matar nan ta turo mini hoto da ita, irinta ce a aljihun kowane bakanike daga Yelwa har Rumde Ajiya. Muna tura kuɗi ta Orange Money da MoMo ba tare da fargaba ba, amma rubuta "buhu 20, kowane kaza, za a kawo Talata" ya gagare mu. Sai dai saƙon murya na minti bakwai, gaisuwa ta cinye biyar, adadin kayan yana can tsakiya inda iska ta kaɗa ba a ji ba, in rigima ta tashi kowa ya rantse abin da ya faɗa dabam. A yi gaisuwar, ni ma ina sonta, amma a biyo ta da layi ɗaya na lambobi. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami a takarda ya ɗauki hotonta. WhatsApp Business kyauta ne tun 2018, za ka iya jera kayanka da farashi, ka sa ya amsa wa mutane cewa ka tafi masallaci ko ka rufe sai gobe. Shago ya sami lambarsa dabam da ta maigida, don kada maigida ya tafi ɗaurin aure Gidar a ce kasuwa ta tsaya, yaro kuma yana zaune bai san farashi ba, bai san ranar dawowarsa ba.

Masu cewa rubutu tsakanin 'yan uwa rashin yarda ne, su buɗe Suratul Baƙara aya ta 282, aya mafi tsawo a Alƙur'ani. A kan rubuta bashi da ajalinsa da shaidu ta sauka. Ba daga Kanada aka kawo mana wannan ba.

Ginin Inna yanzu yana hannun wani magini, ƙanin abokin Yaya. Kafin in tura ko sefa ɗaya na ce masa: "Malam, abu uku nake roƙo. Duk Juma'a bayan an sauko ka turo mini hoton inda aka tsaya, ko da ba a ɗora bulo ɗaya ba. In kaya ya ƙara kuɗi ka faɗa mini a ranar. In ka sami wani aiki da zai ɗauke ka mako biyu, ka ce mini mako biyu, ba zan ji haushi ba." Ya yi dariya ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Juma'ar da ta wuce hoton ya zo da safiyar nan, don kuna gabanmu da awa shida a lokacin sanyi, tare da saƙo cewa mai yashi bai kawo ba saboda ruwan kogin Binuwai bai gama janyewa daga inda suke ɗiba ba, sai Laraba za a ci gaba. Na tura masa kuɗin kwanon rufi a ranar. Yaya, in ka bi ta wajen ka duba mini ko katakon da aka saya ya bushe kafin a ɗora shi.