Facin tsaro: ka bar wa ma'ajiyar Linux, ko ka riƙa rabawa da kanka?

Ɗan'uwa, ka ce kana da 'yar manhaja ta buɗaɗɗen tushe mai aiki a Linux da Windows da macOS, kana son sanin wanne ya fi idan aka gano ɓaraka ta tsaro: ka bar wa masu kula da ma'ajiyar Debian da Fedora, wato rumbun da mutane ke sauke manhajoji daga ciki, su kai wa mutane facin, wato gyaran, ko ka ƙunshe komai da kanka ka tura kai tsaye.

Wannan zaɓin a Linux kaɗai kake da shi. A Windows da macOS kayan naka ne, ko ka so ko ka ƙi. Bari mu fara da inda ake da zaɓi.

A tsarin ma'ajiya, manhajarka ba ta yawo da laburarenta, wato guntun lambar da wasu suka rubuta wanda take dogara da shi. Tana aron wanda ke cikin kwamfutar, wanda sauran manhajoji ma suke ara. Amfanin haka ya fito fili a watan Satumba na 2023, lokacin da aka gano ɓarakar libwebp, laburaren buɗe hotunan WebP, mai lamba CVE-2023-4863 (CVE lambar rajista ce da ake ba ɓarakar tsaro). Hoto ɗaya da aka shirya da mugun nufi ya isa ya ba maharin kafa. Mai amfani da Debian ya sabunta ƙunshi guda, duk manhajar da ke aron wannan laburaren ta warke a lokaci ɗaya, masu ita ma ba su ɗaga yatsa ba. Amma manhajojin da suka dunƙule nasu kwafin a ciki, irin waɗanda aka gina kan Electron, wani tushen gina manhajojin kwamfuta, sai da kowacce ta fitar da tata sabuwar sigar. Wadda mai ita ya yi barci, ta ci gaba da zama da ramin a buɗe.

Akwai wata dabarar masu ma'ajiya da ke rikita mutane. Ba sa ɗauko sabuwar sigarka gaba ɗaya, gyaran kaɗai suke cirowa su liƙa a tsohuwar. Lokacin ɓarakar Heartbleed a Afrilun 2014, masu OpenSSL, laburaren ɓoye bayanai, sun fitar da gyara a siga 1.0.1g, amma mai Debian 7 ya ci gaba da ganin 1.0.1e a allonsa, 'yar lambar da ke wutsiyar sunan ƙunshin ce kawai ta canza, alhali an riga an toshe ramin. Don haka wata rana wani zai rubuto maka yana kuka wai yana kan tsohuwar siga, kai kuma ba ka da tabbacin ko an yi masa faci ko ba a yi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wannan gatan ba kowa ake yi wa ba. Firefox da OpenSSL suna da idanu a kansu dare da rana. Ƙaramar manhaja irin taka, a Ubuntu sashen universe za ta faɗa, wanda 'yan sa-kai ke kula da shi, kuma ba a yi alƙawarin gyaran tsaro a can ba sai ga mai rajistar Ubuntu Pro. Kana iya fitar da gyara yau, ya kwana watanni bai isa ga mutane ba, ba ka da yadda za ka yi. Ko da yake jinkirin ma yana da ranarsa: ƙofar bayan, wato ɓoyayyar hanyar kutse, da injiniya Andres Freund ya bankaɗo a xz, manhajar matse fayiloli, a Maris 2024 tana cikin siga 5.6.0 da 5.6.1 ne, ta shiga rassan gwaji na Debian da Fedora, amma ba ta kai Debian tsayayye ba, don shi bai yi gaggawar ɗauka ba.

A ɗaya ɓangaren, Flatpak da Snap, hanyoyin ƙunshe manhaja da kayanta ta yi aiki a nau'o'in Linux daban-daban, sun mayar da linzami hannunka. Ka gina, ka tura Flathub, shagon manhajojin Flatpak, mai Fedora da mai Mint da mai Arch duk su sami abu ɗaya. Snap ma shi da kansa yake leƙawa sau huɗu a rana ya sabunta, shi ya sa Ubuntu ta mayar da Firefox can, ko da yake wasu sun tsani a taɓa musu kwamfuta ba da izininsu ba. Flatpak ya raba kayan biyu: akwai tubalin da ake tarayya a kansa, na Freedesktop ko GNOME ko KDE, wanda wasu ke yi wa faci, sai kuma laburaren da ka ƙara da kanka, wanda ba mai duba maka shi. Tubalin kuma yana da wa'adi. Idan ya ƙare ba ka koma sabo ba, ka bar mutanenka a kan abin da aka daina gyarawa.

AppImage kuwa, ban ba ka shawarar ya zama hanyarka tilo ba. Fayil ne guda da mutum ya sauke ya ajiye, in ba ka haɗa masa hanyar sabuntawa ba, haka zai zauna har abada.

A Windows da macOS matsalar ta koma ta sa hannu da isarwa. Apple tun daga macOS Catalina a 2019 yana son ka sa wa manhaja hannu, wato hatimin dijital mai nuna daga gare ka take, ka kuma tura masa ya tantance ta, in ba haka ba Gatekeeper, mai gadin macOS, ya tare ta, kuma rajistar masu gina manhaja dala 99 ce a shekara. A Windows, fayil marar sa hannu SmartScreen zai tsorata mai saukewa da gargaɗi, sannan tun Yunin 2023 dole makullin sa hannun ya zauna a na'ura ta musamman, ba a fayil kawai ba. Ga mai aikin sa-kai, kuɗi ne da ɗawainiya. Winget da Homebrew, manhajojin girkawa da sabuntawa na Windows da macOS, suna taimakawa, amma galibin masu amfani ba su taɓa buɗe su ba, saboda haka dole manhajar ta iya duba sabuwar siga da kanta. A macOS yawanci laburaren Sparkle ake amfani da shi don wannan aikin. Sai dai ka sani hanyar sabuntawar ita ma ƙofa ce: a 2016 an gano cewa manhajojin da ke jawo bayanan Sparkle ta HTTP marar kariya ana iya yi musu kutse a hanya, a shekarar ce kuma aka sauya fayil ɗin manhajar Transmission 2.90 a shafin masu ita da wanda ke ɗauke da KeRanger, muguwar manhaja mai kulle fayiloli don neman kuɗin fansa. Dole manhajar ta tabbatar da sa hannunka kafin ta girka komai.

Da ni ne kai, a Linux Flathub zan riƙe a matsayin hanyata, in rage laburaren da nake dunƙulewa iya iyawata, in rubuta jerin waɗanda suka rage don in riƙa bibiyarsu. Masu ma'ajiya kuma ba zan yi faɗa da su ba, sauƙaƙa musu zan yi: gyaran tsaro ya fita shi kaɗai ba a cakuɗe da sababbin abubuwa ba, a nemo masa lambar CVE, a faɗi sigogin da abin ya shafa, a kuma sanar da su a asirce 'yan kwanaki kafin a bayyana wa duniya. Ka kuma shirya injin gininka yadda umarni ɗaya zai fitar da na Windows da macOS da Flatpak tare, domin da zarar gyaran ya bayyana a lambar tushe, maharin ma ya karanta shi, kuma duk dandalin da ya makara shi zai fara nema.