Sharhi: Gwajin da asibitin dabbobi ya yi wa kajin ƙwaina

Kajin ƙwai 300 nake kiwo a bayan gida, irin da ake kira Isa Brown, a ƙasa kan garin katako. Tsakiyar watan Agusta, ruwa na zuba ba ƙaƙƙautawa, ƙwan da nake kwasa ya fara ja da baya. Daga kiret 8 da 'yan kai a rana ya koma 6, ya koma 5. Zankonsu ya koɗe, kashinsu ya yi ruwa, kusan kullum sai yaron da ke kula da su ya tsinto ɗaya ko biyu a mace.

Na yi abin da yawancinmu muke yi: na je shagon magani na kwatanta, aka miƙo min oxytetracycline, wani maganin kashe bakteriya. Sau biyu ina ba su. Mutuwar ta lafa kwana uku, ta dawo sabuwa. Da abin ya ishe ni ne na kira wani asibitin dabbobi mai zaman kansa, na biya kuɗin zuwa gida, da feɗe kaza, da gwajin kashi da na ƙwayoyin cuta.

Likitan bai fara da kaza ba. Ya sa takalmin roba ya shiga keji, ya damƙi garin katakon da ke ƙarƙashin mazubin ruwa ya matse, ya curu a hannunsa kamar fura. Sai da ya tambayi shekarun kajin da ranar da na ba su maganin tsutsa na ƙarshe. Na ce tun suna mako 16. Ya ce, "Hajiya, ai an daɗe."

A gabana ya feɗe guda uku. Ta farko cikinta cike da wani abu rawaya mai kama da dafaffiyar gwaiduwa, ga wari, hanta da zuciya kuma sun yi farar yana. Ya ce wannan ya yi kama da aikin bakteriyar E. coli, ita ce ke hawa ta hanyar ƙwai ta ruɓar da ciki. Da ya tsaga hanji kuwa, sai ga tsutsotsi farare kamar taliya, wasu sun fi tsawon yatsana, sun cunkushe wuri guda. Ascaridia galli ya kira su. Hankalina ya tashi ƙwarai, don waɗannan kajin da hannuna na raine su tun suna 'yan tsaki.

Bayaninsa shi ne abin da na fi yaba wa. Tsutsar tana raunata bangon hanji, tana cinye abincin da kaza za ta yi ƙwai da shi, garkuwar jiki ta yi sanyi, bakteriya ta samu ƙofa. Ni kuma gefe ɗaya nake yaƙa. Ƙwan tsutsar yana fita a kashi, ya yi watanni a damshin ƙasa, kaza ta tsattsaga ta sake haɗiye shi. Da sakamako ya fito ma, ya nuna E. coli ɗin da ke kejina ba ta jin oxytetracycline ko kaɗan. Kuɗin da na zuba a shago asara ne tsagwaronta.

Ya rubuta maganin tsutsa fenbendazole a ruwan sha na kwana 5, da maganin bakteriyar da gwaji ya nuna zai ci ta, sannan bitamin. Ya sa na kwashe garin katakon kaf, na wanke keji, na ɗaga mazubin ruwa daidai tsayin gadon bayan kaza. Ya kuma hana ni sayar da ƙwai har kwanakin da ke jikin takardar maganin su cika. Wannan ya yi min ciwo a aljihu, amma ban ja da shi ba. Masu shayi da uwayen yara ne ke sayen ƙwaina, ba zan tura musu ragowar magani ba.

Inda suka gaza: sakamakon ya ɗauki kwana 4, kuma sai da na yi ta kira kafin a turo shi, ina zaune kaji na mutuwa. Takardar duk Turancin likitoci ce, ba wanda ya yi tunanin fassara wa mai kiwo sai da na sake neman likitan a waya. Kuɗin ma da nauyi ga mai kaji 50 ko 100. Ya kamata su ware farashin ƙananan makiyaya.

Mutuwa ta tsaya cikin mako guda. Ƙwai ya ɗauki kusan wata kafin ya kai kiret 7, kuma har yau bai koma yadda yake ba. Duk da haka zan sake kiransu, kuma na riga na sa ranar da za a maimaita gwajin kashi.

Wanda zai kai nasa, ya tafi da kazar da ba ta daɗe da mutuwa ba, a cikin kula mai ƙanƙara amma kada ta daskare, ya haɗa da mai rai ɗaya da ke nuna alamun ciwo, ya kuma riƙe ledar duk maganin da ya riga ya ba su.