Maganin kansar tayrod mai lahanin RET: wanne ya cancanci kuɗinka?

Kafin ka fitar da ko sisi, a yi wa mai kansar tayrod (sashen jiki da ke gaban wuya, inda maƙoƙo ke fitowa) gwajin RET, domin a kansa duk zaɓin ya rataya. RET furotin ne da ke zaune a bangon ƙwayar halitta. A lafiyayyen jiki sai saƙo ya zo daga waje, RET guda biyu su manne da juna, sannan su aika umarni ciki ta hanyar wasu furotin, daga RAS zuwa ERK, cewa ƙwayar ta rabu biyu. Idan ya samu lahani, irin waɗanda likitoci ke wa lamba C634 ko M918T, sai ya zama kamar makunnin fitilar da ya maƙale: ba mai taɓa shi, amma wuta na ci dare da rana. Wannan ne ke tura yawancin nau'in kansar tayrod da likitoci ke kira medullary, wanda maganin aidin mai tururi ba ya yi masa komai, tunda ƙwayoyinsa ba sa shan aidin.

Ni dai selpercatinib nake so, wanda ake sayarwa da sunan Retevmo. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2020, kuma RET ɗin kai tsaye yake nufa, ba ya bin sauran furotin da duka. A gwajin LIBRETTO-531 da aka wallafa a 2023, an gwada shi da tsofaffin magunguna biyu, vandetanib da cabozantinib: bayan shekara guda, kusan kashi 87 cikin 100 na masu shan sa cutar ba ta ci gaba ba, a ɗaya ɓangaren kuwa wajen kashi 66. Yana da nasa laifin, hawan jini, bushewar baki, taɓa hanta, don haka awon jini ba fashi. Kuma tsadarsa ba ta wasa ba ce.

Vandetanib na 2011 da cabozantinib na 2012 sun yi zamaninsu: gudawa, ƙuraje, tafin hannu da na ƙafa su yi ta ɗayewa, na farkon ma har bugun zuciya yake rikitawa. Pralsetinib kuwa, wani maganin da shi ma RET yake nufa, an janye izininsa na medullary a Amurka a 2023.

Abin da ya fi damuna shi ne jabu. Wani dillali a WhatsApp ya taɓa sayar wa gidanmu kwalin maganin cutar kansa a rabin kuɗi, wai "saura ne daga wani mara lafiya da ya warke". Bugun rubutun ya yi dishi-dishi, lambar zubin da ke jikin kwalba daban da ta kwali, murfin ma an taɓa buɗe shi an liƙe. Kuɗin sun tafi, lambar wayarsa ta daina shiga. Duk wanda ya ce sai ka tura kuɗi kafin ya nuna rasit na inda ya shigo da kaya, rabu da shi. Haka masu mota da lasifika da ke cewa garin maganinsu na narkar da maƙoƙo da daji a mako biyu; kumburin rashin aidin daban, kansa daban, kuma garin ba ya kashe RET.

Ka bi ta kantin maganin asibitin koyarwa, da takardar likitan cutar kansa a hannu. Ka buɗe kwalin a gaban mai harhaɗa maganin, ku duba lambar zubi da ranar lalacewa tare. Ka kuma tambayi likita adadin da ya dace da nauyin majinyacin, domin wanda bai kai kilo 50 ba miligiram 120 ake ba shi sau biyu a rana, ba 160 ba, kuma hakan na canza yawan kwalaben da za ka saya a wata.