Sharhi Kan Aikin Masu Haɗa Kicin a Kano: Wa Ya Cancanci a Ba Shi Kwangila?

Yawancin masu haɗa kicin a Kano da hoton waya suke tallar aikinsu, kuma hoto ba ya nuna inda kicin yake fara lalacewa. Kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke shi ne farkon mutuwa, sai ƙasan ƙofofi inda ruwan goge-goge ke taɓawa, sai hinjin ƙofar da aka fi buɗewa. Duk waɗannan ba sa fitowa a hoton ranar da aka gama aiki. Da waɗannan wurare muka auna masu sana'ar a wannan sharhi, ba da ƙyallin ƙofa ba.

Masu wannan aiki iri uku ne. Akwai kafintan unguwa, wanda zai je 'yan katako na Na'ibawa ko Rijiyar Lemo ya sayo allo, ya yanka da zarton hannu ko ƙaramin inji, ya haɗa a gidanka. Akwai masu shago da babban injin yanka da injin liƙa tef a bakin allo, waɗanda ke yanka komai a shago su zo su kafa kawai. Sai masu alminiyam, waɗanda asalinsu masu taga da ƙofa ne suka shigo harkar kicin. Kowannensu yana da inda ya fi da inda yake kasawa, amma kafin a kai ga nan akwai gwajin da ya shafe su duka, wato awo.

Mai aikin da ya san abin da yake yi ba ya awo sai an gama filasta da tayil. Filasta da tayil suna iya cin santimita 2 zuwa 3 a kowane bango, kuma wannan kaɗai ya isa ya hana kabad na ƙarshe shiga. Zai auna kowane bango sau uku, a ƙasa da tsakiya da sama, domin bangon bulo da wuya ya miƙe sak. Zai gwada kusurwa: santimita 60 a wannan bango, 80 a wancan, in tsakanin alamomin biyu bai ba da 100 ba, kusurwar a karkace take, kuma dole a bar ciko na santimita 3 zuwa 5 a gefen bango. Zai ɗora filam, wato ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a ciki, a ƙasa ya ga inda daɓen ya gangara. Zai tambayi girman firij da na kuka, wato murhun gas ko na lantarki, ya duba ta ina taga ke buɗewa, ya nemi inda bututun ruwa da na magudana suka fito. Wanda ya shigo ya ja tef sau biyu, ya ce "Alhaji ai na gane, ka bar min kawai," a yi masa godiya a sallame shi. Awon kicin matsakaici yana cin kusan awa guda, kuma ya kamata ya ƙare da zane a takarda, kowane kabad da faɗinsa a rubuce.

Ma'aunin da aka saba shi ne tsayin teburin aiki santimita 85 zuwa 90 daga ƙasa, zurfinsa 60, kabad na sama zurfin 30 zuwa 35, tazarar da ke tsakaninsu 50 zuwa 60. Amma wannan ma'auni bai san tuƙin tuwo ba. Tukunya babba a kan kuka mai tsayin 90, matar da ba doguwa ba sai ta ɗaga kafaɗa kafin muciya ta kai gindin tukunya, ƙarshenta ta sauke ƙaramin gas ƙasa ta bar kicin ɗin da aka kashe wa kuɗi. Ƙwararre zai ba da shawarar a sauke ɓangaren murhu da santimita 10 zuwa 15, ko a bar fili a ƙasa domin babban girki da turmi. Masu manyan shaguna su ne suka fi sakaci a nan, saboda sun riga sun saita injinsu a kan girma ɗaya kuma ba sa son sauyawa. Kafintan unguwa ya fi sauƙin kai, in an gaya masa. Abin da ya fi dacewa shi ne uwargida ta kasance a wurin ranar awo, tun da ita za ta tsaya a ciki.

Batun allo shi ne inda aka fi cutar mutane. Allon da ake kicin da shi yana zuwa ne ƙafa 4 da ƙafa 8, kuma kaurin da ya dace da jikin kabad da ƙofa shi ne milimita 18. A kasuwa akwai mai 15 da ma abin da bai kai ba, fuskarsu iri ɗaya, ba ka ganewa sai ka ɗora tef ɗin awo a bakin. MDF garin katako ne da aka matse da gam. Yana da santsi, yana karɓar fenti, amma da zarar ruwa ya shiga bakinsa sai ya kumbura, kuma ba ya komawa. HDF ya fi shi matsewa da juriya, sai dai shi ma garin katako ne, jinkiri kawai yake yi. Filawud mai jure ruwa, wanda 'yan kasuwa ke kira marin bod, shi ne ya fi riƙe sukuru kuma ya fi haƙuri da danshi. Wayon da aka saba shi ne a yi ciniki a kan HDF, a yi ƙofofi da shi tun da su ake gani, a cika ciki da MDF mai arha. Maganinsa a rubuta sunan allo da kaurinsa da adadinsa a takardar yarjejeniya, kuma mai gida ya ga allunan da idonsa kafin a sa musu zarto.

A wurin yanka da rufe baki, masu inji sun yi wa kafintan unguwa nisa, babu ja. Injinsu yana yanka ba tare da fasa fuskar allo ba, sannan yana liƙa tef ɗin baki da gam mai zafi ya matse shi. Wanda aka liƙa da hannu da gam na gwangwani, zafin bazara da tururin girki suna ɗaga shi, kuma daga nan ruwa yake samun hanya. Ka sa farce a bakin ƙofa ka ja: in tef ɗin ya ɗago ko ka ji gefensa yana kama yatsa, aikin hannu ne marar kyau. Ka leƙa ƙasan ƙofar da bayan shelf, domin masu ha'inci gefen da ido ke gani kawai suke rufewa. Kafintan unguwa mai hankali yakan kai allunansa shagon masu inji a yanka a rufe masa baki, ya biya kuɗin yanka, ya dawo ya haɗa. Irin wannan kafinta, a ganinmu, ya fi babban shagon da zai turo maka yara biyu ranar kafawa, maigidan kuwa ba za ka sake ganinsa ba sai ranar karɓar ciko.

Yanzu kabad ɗin wurin wanke-wanke. Ruwa yana shigarsa ta hanya uku: ta bakin ramin da aka yanka wa sinki in ba a sa silikon sosai ba, ta mahaɗar bututun magudana, da kuma ta ƙasa idan ana wanke daɓe. Mai aikin kirki zai yi wannan kabad da marin bod ko alminiyam ko da sauran na HDF ne. Zai bar bayansa a buɗe ko ya yi masa murfin da ake cirewa, don mai famfo ya samu wurin sa hannu ba sai ya fasa ba. Zai tabbatar an sa wa magudana gwiwar nan mai riƙe ruwa, wadda ke tare wari da kyankyaso daga kwata. Kuma ba zai taɓa ajiye allo kai tsaye a kan tayil ba. Ko dai a zuba dakalin siminti mai tsayin santimita 10 a ɗora kabad a kai, ko a sa ƙafafun roba masu juyawa a rufe gabansu da abin da ba ya jin ruwa. A gidan da ake kwara ruwa a share da tsintsiya, dakali ya fi. Yana kuma rage wa gara hanya, duk da cewa gidan da ke da gara sai an yi masa magani kafin a kafa komai.

Hinji da layin durowa ƙananan kaya ne da ake matse kuɗi a kansu. Ƙofar da ba ta wuce santimita 90 ba hinji biyu ya ishe ta, mai tsayin 150 tana son uku, doguwar ƙofar ma'ajiyar abinci huɗu. In aka rage, ƙofa za ta sunkuya ta riƙa gugar 'yar'uwarta. Durowar tukwane tana buƙatar layi mai ƙwallaye wanda ke fitowa gaba ɗaya, ba siririn nan mai tayar roba ba. Shelf ɗin da ya wuce santimita 80 ba tare da tokara a tsakiya ba zai lanƙwashe, musamman da yake kicin ɗin amarya ana jera masa kuloli da faranti fiye da ƙima. Buhun shinkafa mai kilo 50 kuwa ba na shelf ba ne sam, a ware masa wuri a ƙasa. Kabad na sama kuma a tambayi yadda za a rataye shi. Bulo mai rami ba ya riƙe ƙusa. Ana buƙatar fisha, wato robar da ake cusawa a ramin bango don ta riƙe sukuru, da dogon sukuru, aƙalla huɗu a kowane kabad, a kuma ɗaure kabad da maƙwabcinsa.

Saman tebur yawanci wani mutum daban ne ke yinsa, kuma a nan ake yawan jifan juna da laifi. Giranit mai kaurin santimita 2 shi ya fi dacewa da girkinmu. Mabul yana da kyau a ido, amma manja yana shiga jikinsa, ruwan tsamiya da lemon tsami suna cin fuskarsa. Mai dutse ya yi awonsa bayan an kafa kabad, ba daga zanen kafinta ba. Gaban ramin sinki, siririn dutsen nan da ya rage, shi ne ke tsagewa in babu tokara a ƙarƙashinsa, don haka kada a bar shi ƙasa da santimita 7 ko 8.

Masu alminiyam sun ci maki a wuri ɗaya: ruwa da gara ba su da abin yi da kayansu. Don gidan haya ko kicin mai danshi zaɓi ne mai kyau. Rauninsu shi ne ribit, wato 'yar ƙusar da ke haɗa ƙarfen, yana saki da yawan buɗewa, ƙofa tana ƙara, siririn ƙarfe yana lotsawa, ramukan cikinsa kuma gidan kyankyasai ne in ba a toshe bakinsu ba. Durowarsu ma da wuya ta yi daɗin ja.

Wuta da gas ba aikin kafinta ba ne, ko da ya ce ya iya. Mai wayarin ya zo kafin tayil, ya sa soket kamar santimita 15 sama da tebur, nesa da sinki da murhu da aƙalla 30. Kuka mai amfani da lantarki tana son layinta daban da waya mai kauri, wadda masu wayarin ke kira 6mm, da makunninta. Tukunyar gas mai kilo 12.5 gara a ajiye ta waje a jawo bututu. In dole sai a ciki, kabad ɗinta ya samu ramukan iska a ƙasa, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. Kada a sa soket a cikin wannan kabad. Firij a bar masa kamar santimita 5 a baya da sama don ya sha iska. Kafintan da ya kawo waɗannan maganganu da kansa tun ranar awo, ya nemi lambar mai famfo da mai wayarin don su daidaita, ya nuna ya taɓa ganin aiki ya ɓaci.

Wajen biya, kada kafin alƙalami ya wuce kuɗin kaya, kuma a ga kayan sun iso. Kaso na biyu idan an kafa jikin kabad. A riƙe aƙalla kashi 10 cikin 100 sai an sa dutse, an haɗa famfo, an cika sinki da ruwa an sake shi ana kallon ƙasa da tocila, an buɗe kowace ƙofa da durowa an ga tazarar da ke tsakaninsu daidai take. Aikin gaggawa na saura mako guda biki shi ne ke sa mutane su biya duka tun farko, daga nan kuma waya ta daina shiga. Kicin matsakaici a ba shi mako uku zuwa huɗu daga awo zuwa gamawa.

Hukuncinmu: a yankan allo da rufe baki masu inji ne gaba, a sauraron bukatar gida da dawowa gyara kafintan unguwa, a kabad ɗin ruwa masu alminiyam. Kafin a ba kowannensu ko sisi, a ce ya kai ka kicin ɗin da ya yi wanda ya ga damina biyu, ka durƙusa ka buɗe ƙarƙashin sinki ka shafa allon ƙasa da hannunka.